Zuwa ga ɗana, kan wuƙar aljihun da kake son saya

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na ga hotunan wuƙar nan mai ninkewa da ka turo, na kuma karanta abin da mai ita ya rubuta, wai an daina ƙera irinta, in ta wuce ka shi ke nan. Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuto maka, domin na lura ita ta fi jan hankalinka, ba wuƙar ba. Daina ƙera abu ba shaidar nagarta ba ce. Wata an daina ta ne don kamfanin ya durƙushe, wata don an fito da wadda ta fi ta, wata kuwa makullinta, wato abin da ke hana ta rufewa in an buɗe, shi ne ya riƙa ba da matsala aka janye ta shiru. Abu ɗaya da tabbas yake nufi shi ne, ranar da wani abu ya karye a jikinta, da wuya ka sami wanda za ka kai wa kuka.

Fara da tambarin da ke gindin ruwan wuƙar, daidai inda ya shiga ƙota. Ka ce samfurin Old Timer ce ta Schrade, kamfanin ƙera wuƙaƙe na Amurka. To, masana'antarsu da ke Ellenville a jihar New York ta rufe a 2004, kamfanin Taylor Brands ya sayi sunan, aka ci gaba da ƙera wuƙaƙe masu wannan suna a China. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma masu tara wuƙaƙe ba sa yi musu kuɗi ɗaya. Ta asalin tana ɗauke da U.S.A. a tambarinta. A hotunan da ka turo, wurin nan ne kaɗai bai fito sosai ba. Ka ce wa mai ita ya sake ɗauka a fili, da rana. In ya fara kewaye-kewaye, ka bar masa kayarsa.

Sai ruwan wuƙar kansa, nan nake so ka daɗe kana dubawa. Wuƙar da ta yi shekaru a hannun mai aiki da ita ta sha wasa, kuma kowane wasa yana cin ƙarfe. Ka nemi hoton sabuwarta ka gwada faɗinsu. Za ka ga wadda aka cinye ta rame, cikinta ya lotsa kusa da gindi, tsinin ya gajarce. Ka ninke ta, ka shafa yatsa a hankali ta bakin ƙotar. In tsinin ya leƙo waje har ya kama fatar yatsanka, watarana zai kama ka a cikin aljihu. Ka kuma duba ko akwai wurin da ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi a bakin kaifin: alamar an wasa ta a inji har ta yi zafi, taurinta ya tafi, ba za ta ƙara riƙe kaifi kamar da ba.

Baƙin da ke jikinta kuwa kada ya tsorata ka. Yawancin tsofaffin Old Timer ƙarfen 1095 ne, mai saurin kama kaifi, mai kuma saurin yin duhu. Wannan duhun ba illa ba ne. Abin gudu shi ne jar tsatsa da ta haƙa ramuka, musamman a mahaɗa inda tsumma ba ya kaiwa. Ni na fi yarda da wuƙar da ta yi duhunta a kan wadda aka goge tana ƙyalli har tambarin ya fara shafewa, domin mai gugar nan akwai abin da yake ɓoyewa.

Buɗe ta gaba ɗaya, ka riƙe bayan ruwan da yatsu biyu, ka motsa shi hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Ɗan girgiɗi na gefe ana iya gyara shi, ko da yake irin taka da ƙusa aka dasa ta, ba noti ba, gyaran sai wanda ya iya. Na sama da ƙasa shi ne mugun, don yana nuna makulli ko sifirin ɗin baya ya cinye. Wuƙar da ke iya rufewa a kan yatsunka kana tsakiyar yanka, ko kyauta aka ba ka kada ka yi aiki da ita. Saurari ƙarar da take yi wajen buɗewa da rufewa. Mai lafiya ƙas take yi, ta zauna daram. Ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa bayanta, ka ga ko sifirin ya tsage ko ya rabu da jikin ƙota.

Duk wannan sai wuƙar tana hannunka. Tunda mai ita yana nesa, ka nemi bidiyon da zai buɗe ta ya rufe a gaban kyamara, kuma ku yi yarjejeniya a rubuce cewa in ta iso ba yadda ya faɗa ba za ka mayar. In ya ƙi, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Ban san ko ajiyewa za ka yi ko aiki da ita ba, ka faɗa mini. In aiki ne, kada ka biya kuɗin kwali da takardun asali, waɗannan na masu tarawa ne. Nemi wadda aka ɗan mora amma ƙarfenta cikakke. Kuma ka binciki dokar inda kake kafin ka jefa ta aljihu. A Ingila, misali, wadda aka yarda mutum ya yi yawo da ita ba tare da wani dalili ba ita ce marar makulli da kaifinta bai wuce inci 3 ba. A jirgin sama kuwa sai cikin babbar jakar da ake aunawa.

Turo mini sabon hoton tambarin da bidiyon kafin ka biya ko sisi. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.