Ba madubin ne ke da laifi ba, ƙotar bindigar ce ta yi ƙasa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu riƙe da bindiga da lasisi, mafarauta da masu gidan gona irina da ɓeraye da gafiya suka hana sakat.

Ni dai bindigar iska gare ni, kuma ita ma a dokar makamai ta Najeriya ta 1959 sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe ta, wannan kowa ya kiyaye. Bara na ɗaura mata madubin saiti, wato madubin hangen nesa da ake ɗorawa a saman bindiga don aunawa, ina murna na huta, ashe wahala na sayo, yau in harba ya tafi sama gobe ya yi gefe, na murɗa na murɗa har na gaji, na koma wajen wanda ya sayar min muka yi ta sa-in-sa ina cewa jabu ya ba ni. Wallahi har yanzu ina jin nauyin abin da na faɗa wa bawan Allahn nan.

Wani dattijo tsohon soja a unguwarmu shi ya warware min. Ya sa na tabbatar ba komai a cikin bindigar, ya ce yaro rufe idonka, kai ta kafaɗa, kwantar da kumatunka a ƙota yadda ya yi maka daɗi, to buɗe. Ina buɗewa ba abin da na gani sai baƙi da gindin madubin. Ya ce ka gani ko, kullum sai ka ɗaga kai kake gani, haɓarka ce kawai ke taɓa katakon, kai kuma yana lilo a iska, ta ina saiti zai zauna? Na ce Baba wallahi haka ne.

Abin da ke faruwa shi ne yawancin ƙotocin nan an sassaƙa su ne don saitin ƙarfe da ke manne da bututun, shi kuma madubi yana hawa sama da kamar santimita 4 zuwa 5, to dole wurin kwantar da kumatu ya biyo shi sama. In ido bai tsaya a tsakiyar madubi ba za ka ga inuwa kamar jinjirin wata a gefe, kuma gicciyen da ke ciki zai riƙa gocewa daga kan abin da ka auna alhali bindigar ba ta motsa ba. Kuma ba yau aka fara ba, a yaƙin duniya na biyu da Turawan Ingila suka sa wa bindigarsu Lee-Enfield madubi sai da suka ɗaure mata ɗan katako a saman ƙota, bindigar Dragunov ta Rasha ma da nata matashin kumatu take zuwa wanda ake cirewa a mayar.

Gyaran bai ci min ko kuɗin kirki ba. Na yanka robar tsohon silifas na riƙa ɗorawa ɗaya bayan ɗaya ina ɗaurewa da salatif ina maimaita gwajin rufe idon nan, a falle na biyu ina buɗe ido sai ga da'ira fes ba inuwa. Soson katifa kam kar ma a fara, na gwada, lotsawa yake yi, tsayin yau daban na gobe daban. Daga nan na kai wa baduku ya ɗinka min rigar fata da igiya ya rufe robar tsaf, sai ka rantse daga kamfani ta zo. Mai bindigar da ake ja mata ƙarfe baya kafin a ɗana sai ya lura kar tudun ya tare hanya, kuma in ƙafafun madubin ne suka cika tsawo a fara sauya su da gajeru tukuna.

Abin da ya sa na damu har na rubuto, harbin da ya kauce ba ɓacewa yake ba, wani wuri yake sauka, a gona kuwa akwai yara akwai awaki akwai masu wucewa, ga dabbar da za a ji wa rauni ta tafi ta mutu a wahale. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su riƙa sa yaransu wannan gwajin kafin a fita daji, minti biyu ne. Mai madubin kuma na koma shagonsa na ba shi haƙuri, ya ce ni ne na uku da ya zo masa da irin wannan ƙorafin.

Naka mai karatu,
daga Zariya