Ba kowane kare mai tangaɗi ba ne mahaukaci

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan jaridarka. Na san wasu za su ce duk matsalolin da ke damun mu a Maraɗi, ga tsadar hatsi ga rashin wuta, sai wannan bawan Allah ya rasa abin rubutawa sai kare. To a yi mini haƙuri, shi wannan karen shi ke kwana bakin garken awakina a Ali Ɗan Sofo, kuma da na bi ta bakin maƙwabta da tuni an yi masa rotse a banza.

Ɗan kwikwiyo ne wani ƙanena direban tirela ya zo mini da shi daga Kotonu, wai ruwa biyu ne da irin karnukan Turawa da ake kira Labrador, baƙi wuluk, yara suka sa masa Duna. Tun farko na lura ba ya girma, cin abinci kamar gara amma haƙarƙari a waje, ga shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa. Ni kuma da wautata sai na ce ai rashin nama ne, na shiga bi ta wurin wani mahauci abokina ina karɓo masa guntattaki da kayan ciki. Ashe wuta nake ƙara wa fetur. Yana gama ci, bayan kamar awa ɗaya zuwa biyu, sai ka ga ya tashi yana kewaya tsakar gida kamar mai neman abin da ya ɓace, yawu na dalala, ya je ya kafa goshinsa jikin bango ya tsaya ƙiƙam, ka kira sunansa ko waige, wata rana ma ya yi karo da turmi kamar makaho. Da safe kuma ya tashi garau yana kaɗa wutsiya.

Ranar da yaran unguwa suka hango shi ta ƙofa a wannan hali sai ihu, mahaukacin kare, mahaukacin kare, kafin ka ce me an taru da sanduna da duwatsu. Ban ga laifinsu ba wallahi, haukan kare ba abin wasa ba ne, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai wani ikon Allah. Abin da ya cece shi karnen rigakafinsa, wato takardar shaidar allurarsa, da na fiddo, da kuma wani dattijo tsohon mafarauci da ya ce mini Alhaji kulle shi tukuna, kare mai hauka ba ya warkewa da safe ya koma da dare, in ya fara to cikin kwana 10 ya mutu. Shi kuma Duna ya fi wata biyu yana wannan abu.

Na kai shi wurin likitan dabbobi, ya ɗebi jini, ya sa masa na'urar eko mai nuna hoton cikin jiki a ciki, ya ce hantar ta yi ƙanƙanta, ga kuma ɗan yashi-yashi cikin mafitsara. Bayanin da ya yi mini shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ya ce duk jinin da ya taso daga hanji ɗauke da abin da aka ci, dole ya bi ta wata babbar jijiya ya shiga hanta a tace shi kafin ya wuce zuciya. Ya ce Alhaji ka ɗauka hanta ita ce duwan ta Ɗan Issa, kowace mota sai ta tsaya an bincika, to shi karenka an haife shi da ɓarauniyar hanya, jinin na zagaye duwan ya shige gari da kayansa duka. Cikin kayan akwai amoniya, wadda ƙwayoyin cutar hanji ke fiddawa in suna narka nama da makamantansa, ita ce ke hawa ƙwaƙwalwa ta juya ta, shi ya sa abin ke tashi bayan cin abinci. Hantar kuma da ba ta samun jinin da ya kamata sai ta tsumbure. Wai a manyan karnuka irin su Labrador hanyar galibi cikin hantar take, wata jijiya ce da ɗan tayi ke amfani da ita a cikin uwa wadda ya kamata ta toshe 'yan kwanaki bayan haihuwa sai ta ƙi, a ƙananan karnukan Turawa kuma irin su Yorkshire da Maltese a wajen hanta take.

Bai ɓoye mini ba, ya ce maganin gaske tiyata ce, a sa wani ɗan zobe ko zare a jijiyar ya riƙa matse ta sannu a hankali cikin makonni har jini ya koma hanyarsa, kuma karnukan da aka yi wa aikin sun fi daɗewa a duniya. Amma shi ba ya yin wannan aiki, tafiyar da kuɗin kuma ko garken duka na sayar ban ga alamar za su kai ba. Sai muka koma ga lallaɓawa, wadda ba ta toshe hanyar, tana rage dattin da ke bi ta cikinta ne kawai.

Abu na farko nama ya fita, musamman jan nama da kayan ciki da kan kifi. Amma likitan ya ja mini kunne kada in ce zan bar shi da tuwo da ruwa zalla, jiki na buƙatar abin gina shi, in ka hana shi sai ya koma cin naman jikinsa, amoniyar ta ƙaru. Abin da ya fi sauƙi ga irin wannan kare shi ne na waken suya da na nono da ɗan ƙwai. Nan na yi dariya, don awara ai ba mu da abin da ya fi ta araha a garin nan, kowace kwana akwai mai suya. Yanzu uwargida ke karɓo mini ɗanya wurin wata maƙwabciya kafin a jefa ta a mai, a dafa a farfasa cikin shinkafa ko tuwon masara, wata rana a zuba kindirmo kaɗan. Ba yaji, ba albasa, ba tafarnuwa, waɗannan biyun na ƙarshe ma guba ne ga kowane kare, suna fasa masa jini. Kuma ba a tula masa sau ɗaya, sau 4 ko 5 a yini ake ba shi kaɗan-kaɗan, wannan kam shi ya fi ba mu wahala don sai an sa yaro ɗaya ya zama aikinsa kenan.

Na biyu siro ne na laktuloz, wanda a farmasi aka fi sani da Duphalac, na mutane masu taurin bayan gida. Yana sa cikin hanji ya yi tsami sai amoniya ta kasa shiga jini, ta fita da kashi. Awonsa a kashin ake gane shi, ana son ya yi mai laushi sau 2 ko 3 a rana. Makon farko na zarce, ya yi ta zawo har ya galabaita, ashe rashin ruwa a jiki shi ma yana tayar da ciwon, dole na koma aka rage. Lokacin da abin ya yi tsanani likitan ya haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin hanji na 'yan kwanaki, metronidazol, amma awo kaɗan, don hanta ce ke fidda shi daga jiki, in ya taru shi kansa yana sa tangaɗi. Ya kuma hana ni sayen kowane irin maganin ciwon jiki ko na barci wurin masu tallar magani a faranti in ba shi, ya ce a riƙa ba shi na tsutsar ciki a kan lokaci, don tsutsa na sa hanji zubar da jini, jini kuma in ya zuba cikin hanji daidai yake da ya ci nama. Fitsarinsa ma ina sa ido, in na ga yana yunƙuri ba ya fita to tsakuwa ce, a ruga da shi.

Sau ɗaya muka yi sake, ranar Babbar Sallah, yara suka ji tausayinsa kowa na cin suya shi yana kallo, suka jefa masa hanji da huhu. Daren nan ban runtsa ba, har faɗuwa ya yi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

Roƙona Malam Edita, ku ba likitocin dabbobi fili ko sau ɗaya a wata su riƙa yi wa jama'a irin wannan bayani da Hausa, ba sai 28 ga Satumba ranar yaƙi da haukan kare ba. A gaya wa mutane karen da ya canza hali a kulle shi, kada a taɓa yawunsa, a kira ma'aikatan dabbobi su duba, wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 ya wuce likita nan take ko da karen na gida ne. Duna yanzu shekararsa ɗaya da rabi, bai kai girman 'yan uwansa ba kuma ba na jin zai kai, amma haushinsa na isa har bakin titi, siro kuma na gida ya kusa ƙarewa, gobe in Allah ya kai mu sai farmasi.

Naku,
Mai kiwon awaki, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi