Wasiƙa Daga Gaɓar Teku: Mazaɓar Da Aka Ci Da Ƙuri'a 89

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Mama da dukan mutanen gida. Saƙonka ya iso, kuma na ga inda kake cewa ba ka ga dalilin da zai sa mutum ya rufe shagonsa ya je ya sha rana a layi saboda zaɓen ɗan majalisar jiha ba, tunda a ganinka ƙuri'a ɗaya ba ta ɗora kowa ba ta sauke kowa. Amsata ita ce tarihin wata mazaɓa da ke maƙwabtaka da birnin Mangaluru inda nake karatu.

Sunanta Manjeshwar, kuma ita ce lamba ta 1 a jerin mazaɓu 140 na majalisar dokokin jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya. Tana gundumar Kasaragod, a can ƙurewar arewacin jihar, daidai iyaka da jihar Karnataka. Yammacinta Tekun Arebiya ne da ƙauyukan masunta, gabashinta kuwa tuddai ne da gonakin kwakwa da na wani ɗan itace da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Babban birnin jihar, Thiruvananthapuram, yana da nisan fiye da kilomita 500 daga nan, saboda haka asibiti da kasuwa da makaranta duk Mangaluru mutanen suka fi nufa. Ana magana da Malayalam da Tulu da Kannada da Beary da Konkani da wasu harsunan, har ana yi wa yankin laƙabi da ƙasar harsuna bakwai.

Wannan cakuɗuwar ce ta fara tsara siyasar wurin. A 1956 aka sake shata jihohin Indiya bisa harshe, aka yanke Kasaragod daga tsohuwar gundumar Kanara ta Kudu aka haɗa ta da Kerala, alhali masu jin Kannada da Tulu da yawa sun fi son a bar su da 'yan uwansu na jihar Mysore, wadda daga baya ta zama Karnataka. A zaɓen farko na 1957 Umesh Rao, ɗan takara mai zaman kansa, ya shiga majalisa ba tare da hamayya ba, sannan Mahabala Bhandary ya ci a 1960 da 1965 da 1967. Kwamitin Mahajan, wanda gwamnatin Indiya ta kafa don duba rikicin iyakar jihohi, ya ba da shawara a 1967 a mayar da yankin ga Mysore, amma ba a aiwatar ba, kuma a hankali maganar ta yi sanyi. Daga 1970 kujerar ta koma hannun jam'iyyar kwaminisanci ta CPI, inda Ramappa ya ci sau biyu, Subba Rao ma ya ci a 1980 da 1982.

Shekarar 1987 ce ta sauya komai. A shekarar ne Cherkalam Abdullah na jam'iyyar IUML, wadda Musulmin Kerala suka fi rinjaye a cikinta kuma take ƙawance da babbar jam'iyyar nan ta Indiya mai suna Kongires, ya karɓe kujerar, jam'iyyar BJP mai ra'ayin kishin Hindu kuma ta zo ta biyu. Tun daga lokacin har zuwa zaɓen 2021, duk zaɓen da aka yi a Manjeshwar BJP ce ta biyu, ba ta taɓa ci ba, ba ta kuma taɓa faɗowa ta uku ba. A 1991 wani jigonta, K. G. Marar, ya sha kaye da ratar ƙuri'a 1,072 kacal. Cherkalam Abdullah ya yi nasara sau huɗu a jere har ya zama minista a gwamnatin jihar a 2001, domin a nan abin da muke kira kwamishina minista suke ce masa, kuma daga cikin 'yan majalisa ake naɗa shi.

Kada ka ɗauka lissafin addini kawai ne, ko da yake addini yana da babban tasiri. A 2006, shekarar da guguwar ƙawancen masu ra'ayin gurguzu ta share jihar, C. H. Kunhambu na CPI(M), wata jam'iyyar kwaminisanci dabam da CPI, ya ci mazaɓar, Cherkalam Abdullah da ya shekara kusan 20 a kujerar kuwa ya koma na uku. Wannan ya nuna cewa akwai dubban masu zaɓe da ba sa ɗaure da kowa, waɗanda abin da suka fi dubawa shi ne wa zai iya tare wanda ba sa so. A 2011 suka sake juyawa, P. B. Abdul Razak ya dawo wa IUML da kujerar da ratar 5,828 a kan K. Surendran na BJP.

Zaɓen 2016 shi ne wanda har gobe ake labarinsa a shagunan shayi. Abdul Razak ya samu ƙuri'a 56,870, Surendran ya samu 56,781, wato tazarar 89 ke nan a zaɓen da mutum fiye da dubu 150 suka kaɗa ƙuri'a. A shekarar ce BJP ta fara samun kujera a majalisar Kerala, a mazaɓar Nemom da ke kudu, kuma da a ce mutum 45 daga cikin waɗanda suka zaɓi Abdul Razak sun sauya ra'ayi, da ta samu biyu. Abin da ya ƙara wa magoya bayanta takaici shi ne wani ɗan takara mai zaman kansa mai suna K. Sundara, wanda sunansa ya yi kama da na Surendran, ya samu ƙuri'a 467. Suna cewa mutanensu ne suka ruɗe a gaban na'urar zaɓe. Ni dai ban gamsu cewa dukan 467 ɗin kuskure ne ba, tunda ana sanya alamar jam'iyya kusa da kowane suna, amma kashi ɗaya bisa biyar nasu kaɗai ya isa ya juya sakamakon.

Surendran ya garzaya babbar kotun jihar yana zargin an kaɗa ƙuri'u da sunan matattu da na mutanen da ke ƙasashen waje a ranar zaɓe. Zargin yana da tushe a yanayin yankin, domin da wuya ka samu gida a gaɓar nan da ba shi da wani da ke neman kuɗi a Dubai ko Saudiyya ko Katar, kuma doka ba ta ba su damar zaɓe daga can ba, sai sun zo da kansu, har ƙungiyoyinsu kan shirya jirage na musamman don dawo da su. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa saboda wahalar kawo shaidu, har Allah Ya yi wa Abdul Razak rasuwa a watan Oktoba na 2018, daga baya mai ƙara ya janye. A zaɓen cike gurbi na 2019 M. C. Kamaruddin na IUML ya ci da ratar 7,923, sai dai kafin wa'adinsa ya ƙare aka kama shi kan zargin cinye kuɗin masu zuba jari a wani kamfanin gwal, jam'iyyarsa kuma ba ta sake tsayar da shi ba.

A 2021 Surendran, wanda a lokacin shi ne shugaban BJP na jihar, ya sake gwadawa. Ya ƙara ƙuri'unsa zuwa 65,013, amma A. K. M. Ashraf na IUML, ɗan yankin da ya yi rantsuwar kama aiki da harshen Kannada, ya samu 65,758, ya wuce shi da 745. Ɗan takarar CPI(M) ya tsaya a 40,639, ƙasa da 42,565 da jam'iyyar ta samu a 2016, duk da cewa masu zaɓe sun ƙaru kuma ƙawancensu ne ya lashe jihar. A nan nake ganin sirrin mazaɓar yake: 'yan dubban da suka bar ɗan takararsu suka zaɓi wanda ba nasu ba su ne suka yanke hukunci. Shi kuwa Sundara ya fito a wannan karon ma, sannan ya janye, bayan zaɓe kuma ya ce an ba shi kuɗin Indiya rufi 250,000 da wayar hannu don ya janye, zargin da Surendran ya musanta, maganar ta kai gaban kotu.

Na san za ka tambaya ko ba a ce zaɓen bai kammalu ba, kamar yadda aka yi mana a zaɓen gwamnan Kano na 2019. A nan idan an samu matsala a wata rumfa, ana sake zaɓen rumfar ne kafin ranar ƙidaya, na'urorin kuma suna kulle ƙarƙashin tsaro har ranar. Da zarar an ƙirga, wanda ya fi yawa shi ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ce, mai ƙorafi kuma sai ya tafi kotu.

Ina so ka duba mini sakamakon mazaɓarmu ta majalisar jiha a zaɓukan 2019 da 2023, ka aiko mini da ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, da abin da na uku ya samu, da adadin waɗanda suka yi rajista ba su fito ba, sai mu ci gaba da muhawarar da alƙaluma a gabanmu. Ka gaida Mama da kyau, ka ce ina neman addu'arta saboda jarrabawa ta gabato.

Wassalam,
Naka amini.