Haɗarin Shan Barasa Bayan Buguwar Kai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani al'amari da kunya ta hana mu tattaunawa a fili, wato shan barasa a kwanakin da mutum yake jinyar buguwar kai.

A watannin baya wani matashi ɗan acaɓa a unguwarmu ya faɗi da babur, kansa ya daki bakin kwalbati, kuma babu hular kwano a kansa. Ya miƙe da ƙafarsa, ya karkaɗe rigarsa, jama'a suka yi ta cewa Allah ya tsare, tunda ba a ga jini ba. Da dare ciwon kai ya hana shi sakat, sai abokansa suka miƙa masa ƙaramar kwalba, suka ce ya ɗan kora zai samu barci. Ya dawo gida yana tangaɗi, harshensa yana harɗewa, yana amai, yayansa kuwa da ya ji warin abin sai ya ja shi ɗaki ya rufo ƙofa don kada mahaifiyarsu ta gan shi a wannan hali. Da asuba aka yi ta tashinsa bai farka ba. Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa, aka yi masa tiyata ya rayu, amma har yau hannunsa na hagu bai koma yadda yake ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk alamomin da ya kamata su sa a garzaya da shi asibiti sun bayyana tun daren, amma aka ɗauke su a matsayin maye. Tangaɗi, harɗewar harshe, yawan amai, rikicewar tunani da barcin da ba a iya tada mutum daga gare shi, su ne alamomin zubar jini a cikin kai, kuma su ne dai alamomin mai maye. Idan aka haɗa biyun, ko likita sai ya yi da gaske kafin ya bambance, balle ɗan'uwa da yake cikin fushi da tsoron abin kunya.

Ko da babu zubar jini, ƙwaƙwalwar da ta girgiza a cikin ƙoƙon kai tana buƙatar lokaci. Galibin masu irin wannan rauni ba sa suma, kuma sau da yawa hoton kai ba ya nuna komai, shi ya sa ake raina shi. Taron masana raunin kai a wasanni na ƙasa da ƙasa da aka yi a birnin Amsterdam a 2022 ya ba da shawarar a sassauta aiki na awa 24 zuwa 48, sannan a koma harkoki sannu a hankali, kuma mafi yawan mutane suna warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu. A wannan tsakani barasa tana ƙara jiri da ciwon kai, tana lalata barcin da ƙwaƙwalwa take murmurewa da shi duk da cewa tana sa mutum ya bingire da wuri, tana kuma rage ƙarfin daskarewar jini. Ɗan kaɗan da mutum ya saba sha bai ji komai ba, yanzu yana iya kayar da shi, kuma buguwar kai ta biyu kafin ta farko ta warke ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Wannan gargaɗi ya haɗa da kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, da taramol da ƙwayoyin barci. Farasitamol ya wadatar wa ciwon kan, shi ma ba a haɗa shi da barasa saboda hanta.

Na san wani zai ce addini ya riga ya haramta, don me za a tsaya dogon bayani. Gaskiya ne, amma haramcin bai hana ana sayar da ita a tashoshin mota da lunguna ba, kuma wanda yake sha a ɓoye ya fi kowa shiga haɗari, domin ba zai faɗa wa likita ba. Wanda ya daɗe yana sha kullum kuwa, idan ya yanke lokaci guda ba tare da kulawar asibiti ba, yana iya samun karkarwa da jijjiga, saboda haka dole ne likita ya san gaskiyar yawan abin da yake sha.

Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan acaɓa da direbobi su sanar da membobinsu cewa wanda ya bugu a kai ba a ba shi abin sa maye, ba a kuma barin shi ya kwana shi kaɗai a daren farko. Ma'aikatan lafiya su riƙa yin wannan tambaya a keɓe, ba a gaban iyaye ba, domin yayan yaron nan ya shaida mini cewa har a ɗakin agajin gaggawa sai da ya ɓoye maganar kwalbar, saboda mahaifiyarsu tana tsaye a gefen gado.

Wassalam,
Mai karatu daga Jos