A Yi Hattara Wajen Sauya Fitilun Dashbod Na Tsofaffin Motoci Zuwa LED

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi masu tsofaffin motoci da masu gyaran lantarkinsu, waɗanda muka fi sani da 'yan rewaya. Al'amarin shi ne yayin da ake yi yanzu na cire tsofaffin ƙwayayen fitilar dashbod, masu haska agogon gudu da allurar mai da ta zafin inji, ana maye gurbinsu da ƙwayayen LED, wato na zamani masu cin wuta kaɗan. Ba hana kowa na zo yi ba, domin ni ma na yi, kuma har yau da su nake tafiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga ana yin aikin da ka, a zare duk ƙwan da ke bayan gilashi a cusa sabo, alhali kuwa a cikin ƙwayayen nan akwai wanda aikinsa ya wuce haskakawa.

Motar da nake magana a kanta Marsandi ce ƙirar 200, daga cikin samfurin da kamfanin ya kira W123, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1986 kafin ƙanwarta da ake kira V-boot ta karɓi kasuwa. Gadonta na yi daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma ko da yake yarana suna yi mini dariya a kanta, ban taɓa jin sha'awar rabuwa da ita ba. Na san ba ni kaɗai ba ne, domin har yanzu ana cin karo da irinta a Zariya da Kano da Katsina, kamar yadda ake cin karo da Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kakuri ta Kaduna tun 1975, da kuma 'yan tsirarun Volkswagen masu ƙirar kunkuru. Duk wanda ya tuƙa ɗaya daga cikinsu da dare ya san koken da muke yi: hasken dashbod ya dushe, har sai mutum ya sunkuya kafin ya gane inda allurar mai ta tsaya.

Dushewar nan tana da dalilai, kuma yawancinsu ba laifin nau'in ƙwan ba ne. Tsohon ƙwai yana ba da haske ne ta hanyar ƙona wani siririn zare na ƙarfe, kuma a hankali ƙarfen yakan yi ta tashi yana manne wa gilashin daga ciki har ya yi baƙi. A irin motata ƙwayaye biyu ne kawai ke haska agogunan duka, hasken nasu kuma yana bi ne ta cikin wasu 'yan sandunan roba masu kama da gilashi, waɗanda ke kai shi gaba su zubo shi a fuskar agogunan daga sama. Idan ƙurar hunturu ta shekara arba'in ta kwanta a kan robobin nan, farin fentin da ke cikin akwatin kuma ya koma ruwan ƙasa, ko sabon ƙwai aka sa rabin haskensa a hanya zai ƙare. Ga kuma madannin rage haske, wanda tsatsa kan cinye shi har wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Da yawa daga cikinmu maganin da muka sani shi ne a sa ƙwai mai ƙarfin wat 5 a gurbin mai wat 3, sai zafinsa ya narkar da robobin, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A nan ne LED yake da amfani na gaskiya, domin yana ba da haske ba tare da irin wannan zafi ba.

Da na yanke shawarar sauyawa, sai na kai motar wurin wani matashin ɗan rewaya, wanda ba zan ambaci sunansa ko garejinsa ba, domin da kyakkyawar niyya ya yi aikin. Ya ciro akwatin agogunan, ya sauya ƙwayayen haske biyun, sannan ya ce tunda an riga an buɗe, gara a sauya har da na gargaɗi, wato na batir da na birki da na ƙarancin mai. Na amince, na biya, na tafi gida ina murna. Bayan 'yan kwanaki, da asuba, na murɗa makulli mota ta ƙi tashi. Aka tura, ta tashi, washegari ta sake yi. Aka ce batir ne ya mutu, na sayi sabo. Bai yi mako biyu ba shi ma ya kwanta. Aka ce to altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir, aka kwance ta, aka gwada ta a kan tebur, aka tarar lafiyarta lau. Sai da wani dattijon makanike, wanda ya yi zamani da motocin nan tun suna sababbi, ya saurari labarin daga farko, ya tambaye ni abin da aka taɓa a motar kafin ciwon ya fara, sannan aka gano bakin zaren.

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na tabbatar da shi, shi ne cewa altanetar irin waɗannan motoci ba ta iya fara samar da wuta sai an ɗan ɗanɗana mata wuta tukuna, kamar yadda famfon rijiya ba ya jawo ruwa sai an zuba masa ruwa a baki. Wannan 'yar wutar farko kuwa ta cikin ƙwan jar fitilar batir take bi ta isa altaneta. Shi ya sa fitilar ke kamawa idan aka murɗa makulli, ta kuma mutu da zarar inji ya tashi altaneta ta fara caji. Tsohon ƙwai mai wat 2 a kan bolt 12 yana barin wutar da ta kai kusan miliamf 170 ta wuce, shi kuwa ƙaramin LED abin da yake bari sau da yawa bai fi 20 ba, wanda bai isa ya farkar da altaneta ba. Sai dai idan direba ya taka totur inji ya yi gudu sosai, a nan takan farka da kanta saboda ɗan maganaɗisun da ya rage a jikinta. Ni kuwa mutum ne mai tuƙi a hankali, daga gida zuwa masallaci zuwa kasuwa, don haka kwana da kwanaki ina yawo a kan batir kaɗai ban sani ba.

Maganin bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Aka mayar da tsohon ƙwai a gurbin fitilar batir, aka sa mita a kan batir, da inji ya tashi nan take ta nuna bolt 14 da 'yan kai maimakon 12 da take nunawa a da. Wanda ya nace sai ya sa LED a wannan gurbi yana iya haɗa masa rizista, wato 'yar na'urar da ke ƙayyade yawan wutar da ke wucewa, mai kimanin om 70 zuwa 80 a gefensa domin wutar ta samu hanyar wucewa, amma rizistar za ta yi zafi, kuma ni ban ga hikimar sayen abu biyu don su yi aikin da abu ɗaya yake yi tun fil azal ba. Fitilar batir ba ta ci sai na 'yan daƙiƙu a kowace tafiya, saboda haka ba zafin da za ta tara, ba kuma wutar da za a ce an yi tsimi. Haka nan a wasu motoci da babura, musamman na Japan, na'urar da ke kunna fitilar ƙarancin mai tana dogara ne da yawan wutar da tsohon ƙwai ke ja, idan aka sa LED sai fitilar ta riƙa ci ko da tanki a cike yake.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata ɗan rewaya ya riƙe. LED yana da ƙafar fositif da ta negatif, idan aka juya shi ba zai kama ba, don haka a gwada kafin a rufe dashbod. A motocin da fitila ɗaya ce ke nuna sigina ta hagu da ta dama, wuta takan bi ta cikinta ta kowace fuska, sai LED ya riƙa kamawa a gefe guda kawai. Kunkurun da aka ƙera kafin 1967 mafi yawansu bolt 6 suke amfani da shi, wasu tsofaffin motocin Ingila kuma fositif ne aka haɗa da jikin mota, dukansu suna buƙatar ƙwai na musamman.

Abin da ya fi damuna, Malam Edita, shi ne maganar yawan haske, domin ita ce ta shafi rai. Madannin rage haske na tsohuwar mota an yi shi ne don ƙwayayen da ke jan wuta da yawa. Idan aka sa LED mai jan kaɗan, sai ka murɗa shi daga farko har ƙarshe hasken bai ragu ba, ko kuma ya mutu gaba ɗaya a wuri guda. Ga shi masu sayarwa da masu saye duk sun ɗauka cewa ƙwan da ya fi ƙyalli shi ya fi kyau. Na shiga motar wani abokina da dare, dashbod ɗinta yana walƙiya da shuɗin haske kamar shagon sayar da waya, har yana dawowa a gilashin gaba. Idon ɗan Adam yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuma yana rushe wannan sabo cikin ƙanƙanin lokaci, musamman fari mai ratsin shuɗi, kuma abin ya fi tsanani ga mu da shekaru suka fara ja. Wanda ya san hanyoyinmu da dare, inda babu fitilun titi, ga ramuka, ga tirelar da ta lalace an bar ta da 'yan ganyaye a bayanta, ga shanu masu tsallakawa, ya san cewa direba ba ya buƙatar abin da zai ƙara rufe masa ido daga cikin motarsa. Injiniyoyin da suka sa hasken dashbod ya zama mai laushi ba rowar lantarki suka yi ba. Akwai ƙwayayen LED da aka yi su don su amsa tsohon madanni, akwai kuma wata 'yar na'ura da ke rage haskensu ta hanyar kunnawa da kashewa da saurin da ido ba ya gani. Ɗaya daga cikin biyun nan wajibi ne a ganina, idan kuwa ba a samu ba gara a bar tsofaffin ƙwayayen.

Launi ma abin dubawa ne. Farin LED a haƙiƙa shuɗi ne da aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, kuma shuɗin nan shi ne ƙirƙirar da ta samo wa masana uku 'yan asalin Japan kyautar Nobel a 2014. Masu arha da suka cika kasuwa galibi an rubuta musu 6000K ko fiye, wato lambar da ke nuna launin haske, haskensu fari fat mai sanyi, wanda ke kashe kyan alluran Marsandi masu ruwan lemo ya mayar da su kamar toka. Wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K shi ne ya yi kusa da hasken asali, kuma shi na koma sawa. Idan gurbi yana da murfi ja ko kore, a nemi LED mai wannan launi, domin fari a bayan jan murfi yakan fito fari-fari, fitilar gargaɗi kuwa ana so ta zama ja sosai yadda ido zai kama ta nan take. A kuma duba inda ƙwan ke jefa haskensa, tunda tsohon ƙwai ko'ina yake haskawa, LED da yawa kuwa gaba kawai suke harbawa, sai a samu gefe ɗaya na agogo ya yi fes ɗayan yana cikin duhu.

Masu cewa sauyin yana rage wa batir nauyi su daina ruɗin mutane. Ƙwayaye biyu masu wat 3 wat 6 ke nan, alhali fitilar gaba guda ɗaya tana cin wat 55 zuwa 60. Maganar daɗewa kuma ta dogara da ingancin abin da aka saya, domin na ga masu arha da suka fara ƙyaftawa kafin damina ta zagayo, saboda zafin da dashbod ke ɗauka a ranar bazara da kuma hawa da saukar wutar tsohuwar altaneta.

Ga masu irin motata ina ƙara jan kunne a kan abu biyu. Allurar baƙin mai ta W123 da bututu take aiki, wanda ke kawo man inji har bayan agogo, don haka idan aka kwance shi kada a kuskura a tayar da inji, in ba haka ba mai zai wanke ƙafafun direba da kafet. Na biyu, kada a yarda a yanke wayoyin asali ko a fasa mazaunin ƙwai don LED ya shiga. Akwai masu gindi iri ɗaya da na asali, kuma darajar tsohuwar mota tana cikin kasancewarta yadda aka ƙera ta. Kafin ma a sayi komai, a wanke robobin haske, a sabunta farin fenti, a goge madannin rage haske, domin wani lokaci wannan kaɗai ya wadatar.

Roƙona ga ƙungiyoyin 'yan rewaya shi ne su sanar da yaransu wannan bambanci tsakanin ƙwan haske da ƙwan gargaɗi, su kuma sa gwada caji da mita ya zama sharaɗi kafin mota ta bar gareji bayan an taɓa dashbod. 'Yan kasuwar kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna kuma ina roƙonsu kada su daina kawo ƙananan tsofaffin ƙwayaye masu wat 2 don ganin LED ya fi tafiya, domin sai da na zagaya shaguna da dama kafin na samu guda huɗu, waɗanda yanzu na naɗe a takarda na ajiye a aljihun motar.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.