Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Kan Kuɗin Manyan Ayyukan Sufuri

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannayenka, na rubuto ne a kan kuɗin manyan ayyuka da jiha ke warewa harkar sufuri, da abin da ya kamata a sa a gaba wajen kashe su. Ranka ya daɗe, harkar ba baƙuwarka ba ce. Kai injiniya ne, kuma kai ka riƙe ma'aikatar ayyuka da gidaje da sufuri daga 2011 zuwa 2015. Don haka ba zan yi kwana-kwana ba. Roƙona shi ne kafin a ƙara aza harsashin wata gadar sama, kafin a sake ɗauko zancen jirgin cikin gari, a fara kashe kuɗi wajen kafa wa Kano tsarin manyan motocin bas da zai ɗore, ko da a kan titi biyu ne kacal.

Ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka zama ƙwaryar birnin nan: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kullum safiya kuma jama'a na kwararowa daga Gezawa da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Madobi da Kura da Minjibir, wasu Kantin Kwari za su, wasu Singa, wasu Sabon Gari, wasu masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Duk wannan taro babur mai ƙafa uku ne ke ɗawainiya da shi. Kuma yadda aka yi muka iso nan sananne ne. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo a-daidaita-sahu ne domin mata su huta da hawa acaɓa. Da aka kai wa tawagar Mai Martaba Sarki Ado Bayero hari a Janairun 2013, gwamnatin da kake kwamishina a cikinta ta hana acaɓa saboda tsaro, sai a-daidaita ta gaje filin gaba ɗaya. Babu wanda ya zauna ya tsara cewa birni irin Kano zai rayu a kan abin hawa mai cin mutum uku ko huɗu. Lalura ce ta kawo haka, muka saba, har muka ɗauka tsari ne. Yajin aikin da 'yan a-daidaita suka yi a Janairun 2022 ya isa ya tunatar da mu inda muke: ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata suka cika tituna a ƙafa, waɗanda ba su iya tafiyar ba suka zauna a gida.

Duk wanda ke son ya ga abin da nake nufi, ya tsaya bakin titin Katsina wajen Kurna da misalin ƙarfe bakwai na safe. Za ka ga mace da goyo, ga wani yaron a hannu jikinsa zafi rau, tana son zuwa Asibitin Murtala. Ta tsayar da mai a-daidaita, ya ce sai dai shata. Na biyu ya faɗi kuɗin da ya sa ta kwance bakin zaninta ta sake ƙirga abin da ke ciki, domin a cikin kuɗin nan ne za ta yanki kati, ta sayi magani, ta kuma dawo gida. Tana tsaye ne a kan ƙasa tsakanin kwalta da kwata, babu rumfa, babu benci. Shi ma direban ba mugunta yake yi ba. Ya kwana da sanin cewa akwai balas ɗin mai babur da zai kai da dare, ga mai, ga haraji, ga cefanen gidansa. Ranar da aka rantsar da kai, 29 ga Mayun 2023, ita ce ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuma tun daga ranar kuɗin mota ya shiga sahun abinci da haya a lissafin talaka. Akwai leburan da ke ajiye aiki saboda abin da za su kashe a zuwa da dawowa ya kusa cinye ladan yinin.

Ban raina gadoji ba. Wanda ya san Ƙofar Nassarawa da Dangi da shataletalen Hotoro kafin a yi musu aiki ya san an samu sauƙi, kuma na fahimci dalilin da ya sa gwamnatinka ta ɗauko na Tal'udu da Ɗan'agundi. Amma gada tana warware cunkoso ne a mahaɗa guda, ta miƙa shi ga mahaɗa ta gaba. Ba ta rage yawan ababen hawan da ke kan titi, ba ta kuma rage wa matar nan ko naira ɗaya a kuɗin mota. Mai motar kansa shi ya fi cin moriyarta, alhali mafi yawan Kanawa ba su da mota. Bas guda mai cin mutum 60 tana ɗauke nauyin a-daidaita 15 zuwa 20 daga kan titi. Wannan lissafi ne da kowane injiniya zai iya yi a bayan takarda.

Shi kuwa zancen jirgi, mun daɗe muna jin sa. A 2016 aka sanar da kwangilar jirgin cikin garin Kano ta kimanin dala biliyan 1.85 da wani kamfanin ƙasar Sin, aka yi ta muhawara a kan bashin, daga baya maganar ta bi ruwa. Ina ganin Allah ne Ya taimake mu, idan aka dubi abin da ya faru a Abuja. A can an kashe sama da dala miliyan 800, ciki har da rancen dala miliyan 500 daga bankin ƙasar Sin, aka shimfiɗa layi mai tsawon kusan kilomita 45 da tasha 12. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a Yulin 2018. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, bai sake ɗaukar fasinja ba sai Mayun 2024, alhali bashin na nan a wuyan ƙasa. Wasu tashoshin an gina su ne babu ma hanyar mota mai kyau da za ta kai mutum wurin, sai da aka dawo aka yi musu tituna kafin a sake buɗewa. Babban abin takaicin shi ne layin bai bi ta Nyanya da Maraba ba, inda ɗimbin ma'aikatan Abuja ke kwana kuma suke shan wahalar hanya safe da yamma.

Legas ta bi wata hanyar dabam. Ta fara kafa hukumar sufuri mai doka da ƙwararrun ma'aikata, wato LAMATA. A Maris 2008 ta buɗe layin bas mai keɓaɓɓiyar hanya daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 2 ba kowace kilomita. Na Abuja kuwa kowace kilomita ta haura dala miliyan 15. Jirgin Legas na farko na cikin gari, mai kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, sai Satumban 2023 ya fara aiki, bayan shekara 15 ana jigilar mutane a bas. Kano ma wata rana za ta buƙaci jirgi, musamman idan layin dogon Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi suka kammala suka fara sauke mana fasinja da kaya. Abin da ya dace yanzu shi ne a shata hanyar da zai bi a hana gini a kanta, wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Amma gwani ba ya ɗora rufi kafin bango ya tsaya.

Sai dai, ranka ya daɗe, sayen bas shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, kuma nan ne gwamnatocinmu suka saba tsayawa. A ƙarshen 2022 gwamnatin da ta gabace ka ta fito da motocin Kanawa, bas 100 da tasi 50, har aka sanar da hana a-daidaita bin wasu manyan tituna. Ba a je ko'ina ba aka janye hanin, domin motocin ba su isa su ɗauke jama'ar ba. Yau a tambayi mutanen Jogana ko na Janguza ko akwai wata bas ta gwamnati da suke gina lissafin fitarsu a kanta. Motocin ɗaukar ɗalibai mata ma sai da gwamnatinka ta gyara su kafin su dawo kan titi, kuma ka cancanci yabo a kan haka, amma tambayar ita ce yaya aka yi suka kwanta tun farko. Bas ɗin haya tana tafiya daga asuba har dare, kullum. Tana cin taya da birki da bakin mai da batir. Ranar da wani ƙaramin ƙarfe ya lalace aka rasa madadinsa, sai a jingine ta a ce gobe. Idan 'yar'uwarta ta samu matsala, sai a kwance na wannan a ɗaura wa waccan. Kafin shekara biyu rabin motocin sun zama kwarangwal a bayan katanga, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu.

Saboda haka kuɗin farko gareji ya kamata ya tafi. Fili mai katanga a bakin kowane layi, da ramin duba ƙasan mota, da wurin wanki, da sito cike da kayan gyara, da makanikai da aka horar a kan irin motar da za a sayo. A sayi iri ɗaya domin kayan wannan su shiga waccan, kuma kada a sa hannu a kwangilar saye sai da sharaɗin kayan gyara da horo na wasu shekaru a cikinta. Tunda bututun iskar gas na AKK, wanda ya taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna, a Kano zai tuƙe, a yi garejin da tanadin wurin ɗura gas tun daga zane. Bayan gareji sai hanyar kanta. Idan bas za ta shiga cunkoso ɗaya da kowa a Bata ko 'Yankura, babu wanda zai bar a-daidaita ya jira ta. Dole a ware mata layinta da shingen kankare, fenti kaɗai ba zai hana kowa shiga ba, a kuma ba hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, wato KAROTA, aikin tsare shi. Ni da za a ji tawa, da titin Katsina daga Dawanau zuwa cikin gari da titin Zariya daga Naibawa za a fara, domin suna da faɗi, suna da jama'a, kuma na Zariya ya bi ta Asibitin Malam Aminu Kano da tashar Unguwa Uku. Idan waɗannan biyun suka tsaya da ƙafarsu, titin Haɗeja da na Gwarzo da na Maiduguri su biyo baya.

Akwai ƙananan ayyuka da ba a yanka musu kirtani amma su ne fasinja ke taɓawa da jikinsa: rumfa mai inuwa da wurin zama, fitila da dare, wurin tsallaka titi ga yara da tsofaffi, matakalar da mai keken guragu zai iya hawa, da magudanar ruwa. Kowa ya san yadda ruwan sa'a ɗaya a watan Agusta ke mayar da wasu titunanmu kogi. Layin bas da ke tsayawa duk ranar da aka yi ruwa ba zai riƙe amanar ma'aikaci ba.

'Yan a-daidaita kuma kada a ɗauke su abokan gaba. Dubban magidanta ne da matasa, da yawansu masu takardun makaranta da suka rasa aiki, kuma bayan kowane babur akwai gida biyu da ke ci, na direba da na mai shi. Duk tsarin da ya zo da niyyar korarsu zai gamu da abin da na 2022 ya gamu da shi. A Legas ƙungiyar direbobin haya ce aka sa ta kafa kamfanin haɗin gwiwa ta tafiyar da motocin layin farko. A nan ma ana iya horar da wasunsu su zama direbobi da kwandastoci da makanikai, a ba ƙungiyoyinsu hannun jari, sauran kuma a gina musu wuraren tsayawa a jikin manyan tashoshi su riƙa kwaso mutane daga lunguna, inda babbar mota ba za ta taɓa shiga ba. Mutumin Bachirawa zai hau a-daidaita na ɗan gajeren zango, ya shiga bas a bakin titi, kuɗin biyun a haɗe bai kai abin da yake biya yau ba. Mutanen Bichi da Wudil da Kura su ma a yi musu tashoshin sauka a bakin gari inda motocinsu za su haɗu da layin, maimakon kowace mota ta kutso har tsakiyar kasuwa.

Duk wannan yana buƙatar uwar ɗaki guda: hukumar sufurin birni da Majalisar Dokokin Jiha za ta kafa da doka, mai asusunta, wadda ba za ta mutu da sauyin gwamnati ba. Kuɗin tikiti ya riƙa shiga ta kati ko ta waya kai tsaye, a ware wani kaso da doka ta hana taɓawa sai don gyara da sauya motocin da suka tsufa. A kuma faɗa wa jama'a gaskiya tun yanzu cewa idan ana son kuɗin motar ya yi sauƙi, gwamnati za ta riƙa cika wani abu duk shekara, kamar yadda take yi wa asibiti da makaranta.

Ina roƙonka, ranka ya daɗe, a kasafin kuɗin da za ka gabatar wa majalisa nan gaba, a fitar da kason sufurin jama'a daban da na tituna da gadoji, a rubuta nawa ne na gareji, nawa ne na layin bas, nawa ne na tashoshi, nawa ne na motoci. Bayan an fara aiki kuma, duk wata uku hukumar ta wallafa adadin motocin da ke kan titi da waɗanda ke kwance da yawan fasinjan da aka ɗauka, a karanta a gidajen rediyo da Hausa.

Allah Ya ba ka lafiya da mashawarta nagari, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Kurna, Kano.