Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Ɗinkin Jakunkuna a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu mata, malamanmu na sana'a, 'yan'uwa mambobi da ɗalibai masu koyo, kwamitin gudanarwa yana gaishe ku, yana kuma gabatar muku da abin da aka gudanar a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin shiga da na fita da na adashi yana cikin takardar ma'aji, za a karanta ta a zauren taro. Wannan rahoto ya tsaya ne a kan aikin hannu: yadda muka sayi kaya, inda jakunkunanmu suka ba da matsala a hannun masu saye, da ƙa'idojin da muka tsayar a kai.

Sayen kaya a dunƙule

Tun 2023 da aka cire tallafin fetur, darajar naira kuma ta faɗi, farashin kayan aikinmu bai sake zama wuri ɗaya ba, domin mafi yawansu daga waje suke zuwa. Atamfar Vlisco daga Holan take, Hitarget daga Sin, shaddar Getzner daga Ostiriya, zif da maganaɗisu da zobban ƙarfe ma akasari shigo da su ake yi. Shi ya sa muka ci gaba da haɗa kuɗi a yi saye ɗaya. Abin da ake samu a Babbar Kasuwa a nan ake saye, turamen atamfa masu yawa kuma a aika Kantin Kwari a Kano. Zif yanzu naɗi guda muke ɗaukowa a yanka wa kowa gwargwadon buƙatarta, kawunansa kuma a saya daban. A nan sai an kula: kan zif mai lamba 5 ba ya hawa haƙoran lamba 3, kuma na zif ɗin roba daban yake da na ƙarfe ko da lambarsu ɗaya. Duk wadda aka aika kasuwa ta tafi da guntun zif ɗin a hannu, ta gwada kan a gaban mai shago kafin ta biya.

Abin da littafin ƙorafi ya nuna

A farkon shekara aka buɗe littafi, duk jakar da aka dawo da ita a rubuta abin da ya same ta. Da muka zauna muka duba, ba kasafai aka yi kuka da kyawun zane ko fasali ba. Kusan duk ƙorafin daga cikin jakar ya fito, wato daga abin da mai saye ba ta gani ranar da ta biya: yadin da ba a wanke ba, gam da aka lafta, kwalin da ya sha ruwa, hannun da ba a kafa da kyau ba. Don haka horon bana gaba ɗaya a kan waɗannan aka yi shi.

Atamfa auduga ce, tana zuwa da sitaci, tana kuma ɗan tsukewa idan ta fara shan ruwa. Idan aka manna ta a kan soso ko kwali ba tare da an wanke ba, ranar da ruwan sama ya taɓa jakar yadin zai ja, abin da ke ƙarƙashinsa ba zai ja ba, sai fuskar ta tattare ta yi kumburi. Ƙa'idarmu ita ce a jiƙa turmin a ruwan sanyi, a ɗauraye, a shanya a inuwa, a goge ta baya tun da sauran danshi. Takardar tambari da ke manne a jiki kada a fizge ta. A ɗora dutsen guga mai zafi ta bayan yadin na ɗan lokaci, gam ɗin zai yi laushi ta ɗaye ba tare da ta bar tabo ba. Kafin a sa almakashi kuma a gwada ko tana zuba: a jiƙa farin ƙyalle a murza a kan ja ko shuɗin da ya fi duhu. In launi ya hau ƙyallen, wannan atamfar ba ta jakar rataye ba ce, domin a kan hijabin mai ita za ta sauke launin da zarar ta yi gumi.

Shadda kuwa ba a wanke ta kafin aiki, don sheƙinta zai tafi. Tana nuna tabon ruwa, ramin allura kuma ba ya ɓacewa a jikinta idan aka warware ɗinki. Mun taƙaita ta ga ƙananan jakunkunan biki da na anko, waɗanda ba kullum ake fita da su ba.

Maganar gam ita ta fi ɗaukar mana lokaci. Gam ɗin gwangwani da muke amfani da shi, irin na masu takalma, a kan fuska biyu ake shafa shi, siriri, a bar shi ya sha iska har sai an taɓa da yatsa an ji yana kamawa amma bai biyo yatsan ba, sannan a haɗa a danne. Da sanyi yakan ɗauki minti 10 zuwa 15. A bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, wani lokaci ko minti 5 ba ya kaiwa, don haka kada a shafe babban falle gaba ɗaya, a bi shi kashi-kashi. Da hunturu a rufe taga ta ɓangaren iska, saboda ƙurar da ta sauka a kan gam tana hana shi kamawa. Idan aka haɗa tun yana da jiƙa, iskarsa za ta maƙale a ciki, jakar ta yi ƙuraje bayan kwana biyu. Idan aka lafta shi kai tsaye a bayan yadi, zai ratso ya fito da tabo ruwan ƙasa wanda babu sabulun da ke fitar da shi. Maganin wannan shi ne a fara manna wa yadin farin yadin nan mai gam a baya, irin wanda teloli ke sa wa wuyan riga, da dutsen guga, sannan a shafa gam ɗin gwangwani a kansa. A kuma bar rabin inci a gefe ba gam, nan ne allura za ta bi. In allura ta ratsa gam sai ta yi danƙo, zare ya riƙa tsinkewa, keke ya riƙa tsallake ɗinki, a yi ta zargin keken alhali lafiyarsa lau.

Muna roƙon kowa da babbar murya: wannan gam yana kama wuta, warinsa kuma yana hawa kai. Kada a buɗe gwangwani kusa da murhu ko dutsen guga na gawayi, kada a yi aikin a ɗaki rufe, kada a bar shi inda yara za su kai hannu. Da yawanmu a tsakar gida muke aiki, tukunya na kan wuta, yara na kai da kawo.

Kwali mai tauri yana ba jaka tsayuwa mai kyau kuma yana da araha, amma da damina yakan sha danshi ya lanƙwashe, in ya karye kuma ba ya komawa. Mun amince a daina sa shi a gindin jaka da jakar makaranta, a koma faifan roba. Kwali ya tsaya a ƙananan jakunkunan biki. Ga jikin jakar hannu, soso mai kaurin milimita 3 zuwa 5 ya wadatar. Wanda ya fi haka ƙafar keken gida ba ta iya hawansa a kusurwa.

Awo da yankan zane

Don a samu daidaito idan aiki mai yawa ya shigo aka raba wa mutane, an yanka kwalin awo guda na matsakaiciyar jakar hannu: faɗi inci 14, tsawo 12, zurfi 4. Gaba da baya kowanne a yanka 15 da 13, zagayen gefe da gindi 39 da 5, hannuwa biyu kowanne 22 da 4, a ninke shi huɗu. Faɗin atamfa bai cika gaza inci 45 ba, don haka jaka guda tana cin kimanin inci 22 na tsawon yadin. Turmi yadi 6 ne, inci 216 ke nan, zai ba da jaka tara idan zanen ƙanana ne masu maimaituwa. Idan manyan furanni ne ko da'irori da dole a kawo su tsakiyar fuska, da ƙyar a samu shida. Wadda ba ta sa wannan a lissafi ba, asarar jaka uku ta yi tun kafin ta zauna kan keke. Dabarar da aka koyar ita ce a huda taga a kwalin awo daidai girman fuskar jaka, a riƙa jan ta a kan yadin har furen ya zauna tsakiya, sannan a zana da alli. Zane mai sama da ƙasa, kamar tsuntsu ko fitila, kada a yanka gaba da baya a falle ɗaya a ninke ta gindi, bayan jakar zai fito a kife. Guntayen da suka rage ba na zubarwa ba ne: da su ɗalibai suka ɗinka alabe, jakar waya, maɗaurin gashi da rigar gafaka.

Hannu da zif da maganaɗisu ba su buƙatar dogon bayani, sai dai a kiyaye. Hannu ya shiga jikin jaka da aƙalla inci ɗaya da rabi, a sa masa ƙyalle mai ƙarfi ta ciki, a ɗinka kusurwa huɗu a ratsa tsakiya sau biyu. Allura lamba 16 ga atamfa mai soso, 18 idan an haɗa da fata, zaren kuma nailan. Zif lamba 3 na aljihun ciki ne, 5 na bakin jakar hannu, 8 ko 10 na jakar makaranta da ta tafiya, a rufe bakinsa biyu da ƙyalle don kada kan ya fice. Maganaɗisu a sa masa faifansa na ƙarfe da guntun roba ta baya, a saukar da shi inci ɗaya da rabi daga baki don ƙafar keke ta samu hanya.

Haɗin gwiwa da dukawa

Abin da kwamiti ya fi farin ciki da shi a bana shi ne zaman da aka yi da dukawan garin nan. Fatar jar akuyar Sakkwato sananniya ce tun zamanin fatauci ta hamada, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Majemanmu da bagaruwa suke jeme ta, a rina ja da karan dafi. Atamfa a kusurwar gindi da wurin riƙo take fara cinyewa, nan ne kuma fata ta fi amfani. Jakar da aka yi wa kusurwa da hannu da fatar akuya ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, ta kuma fi wadda aka yi da fatar roba, wadda zafin garin nan ke sa ta ɗaye ta riƙa zuba. Sharuɗɗan su ne: a sunsuna fatar, mai wari jimarta ba ta nuna ba, a yi mata gwajin jiƙaƙƙen farin ƙyalle kamar na atamfa, a rage kaurin bakinta da wuƙa kafin a ninke, a buɗe tsawon ɗinki zuwa milimita 3 ko 4, domin ɗinki ƙanana a jere yanka fata yake yi. Fil ba ya shiga fata, da matsi ake riƙe ta.

Kasuwa da farashi

Ciniki ya fi tashi gab da Sallah ƙarama da babba, lokacin bukukuwan aure da ake neman jakar anko da ta rabon kyauta, watan Satumba na komawa makaranta, da lokacin tafiyar alhazai da ake neman 'yar jakar fasfo mai rataye. Hotuna a WhatsApp da Facebook sun kawo masu saye daga Birnin Kebbi, Gusau da Abuja, ana aika musu ta tashar mota. A ɗauki hoto da hasken safe a jikin farin bango, launin zai fito yadda yake, rigimar "ba wannan na gani ba" ta ragu.

Har yanzu akwai masu sa farashi da ido. A rubuta komai: yadi, shafi, soso, zif, gam, zare, kuɗin mota zuwa kasuwa, wuta ko fetur, ledar naɗi, sannan ladar aikinki, sannan riba. A yi lissafin da farashin da za ki sake sayen kayan yau, ko da kin saye su da araha watan jiya. Aikin da aka ba da saƙo a karɓi rabin kuɗin kafin alƙalami, kaya kuma kada su fita sai kin ga kuɗin a asusunki da idonki, hoton shaidar turawa bai isa ba.

Game da yadin nan mai ɗauke da tambarin manyan kamfanonin Turai na kwaikwayo, matsayar kwamiti ita ce kada a ɗinka shi da sunan ƙungiya. Jabu ne, shafukan sada zumunta suna iya sauke tallarsa, kuma mai saye da ta gane za ta raina sauran aikinmu. Muna da atamfa, shadda, saƙi da fatar gida, sun ishe mu yin suna.

Shekara mai kamawa, in Allah ya kai mu, za a nemi keken masana'anta guda na haɗaka saboda aikin fata da jakar makaranta, a kammala takardun rajistar ƙungiya, a kuma fara ɗinka ƙaramin tambarinmu a cikin kowace jakar da ta cika ƙa'idojin da aka lissafa a sama. Mutum biyu daga cikin malamai za su riƙa duba jaka kafin a sa mata tambarin. A taro na gaba kowace mamba ta zo da jaka guda da ta ɗinka, da kwalin awonta, da takardar lissafin farashinta, za a duba su ɗaya bayan ɗaya. Masu bashin adashi su ga ma'aji kafin ranar.

Allah ya sa albarka a sana'armu. Wassalamu alaikum.

Kwamitin Gudanarwa